Ainasani da Maganin Farar Wuta

Akwai waɗanda Allah ya ba ilimi, akwai kuma waɗanda ilimi ya wuce ta gabansu a mota. Ainasani yana cikin kashi na biyu. Shekara biyu ya yi yana gadi a ƙofar wani ofishin gona a birni, yana buɗe wa motocin masana su shiga, yana buɗe musu su fita. Da ya dawo gida sai ya taho da tsohuwar hular aiki, da biro uku a aljihun gaba, babu mai rubutu ko ɗaya a cikinsu, da kuma tabbacin cewa duk abin da ke kan mutanen nan ya shafe shi, tun da an ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba a kai ƙarshen magana a gabansa. Ko rasuwa aka zo faɗa masa, kafin a ambaci mamacin ya ce, "Ai na sani." Da haka sunan ya manne masa, har matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno na gaskiyar.

Gonar shinkafarsa tana fadama, kunya ɗaya ce ta raba ta da ta yayarsa. Yaya mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke noman abinta, kuma ita ta goya shi yana jariri. Saboda haka duk garin ita kaɗai ce biro uku ba sa firgitawa, har gobe Auta take kiransa.

Ranar da aka gama dashe, manoma na hutawa a rumfar da ke gefen injin ban-ruwa, Ainasani ya gyara zaman hula ya ce, "Ku shaida. Bana buhu arba'in zan ɗauka."

Gonar tun da aka sare ta ba ta taɓa wuce sha biyu ba.

Mai injin ya ce, "Arba'in na shinkafa ko na labari?"

"Kimiyya ce, ba za ka gane ba. Kai dai ja igiyar injinka."

Kimiyyar ba ta da wuya. Kowace shekara bayan girbi yakan cinna wa karan shinkafa wuta ya ƙone ƙurmus, don gona ta yi fes kamar farfajiyar ofis. Takin shanu kuwa ya hana shi shiga gonarsa. "Ni in dami kashin saniya da hannun da ya gaisa da daraktoci?" Sai yuriya zalla, fara tas, a watsa, a ƙara, a kuma.

Mako uku bayan dashe shinkafar ta ba shi amsa. Ta tsaya cak, ba tsawo ba 'ya'ya, sababbin ganyen sama suka yi rawaya kamar idon mai ciwon shawara. Ta Yaya ma ta ɗan koɗe, amma tasa, da ta sha wuta shekara da shekaru, tun daga kan hanya ake hango ta.

Yaya ta tsaya a kan kunya ta riƙe ƙugu. "Auta, shinkafar nan taka a kai ta asibiti mana."

"Sabon iri ne, Yaya. Tun yana ƙarami yake fara launin zinariya."

"Sabon iri? Ba daga kwandona ka ɗebi irin ba?"

"A hannunki tsoho ne. Da ya shigo hannuna ya sabunta."

Wannan a baki ne. A zuci kuwa ya san abin da ya rage a rumbu da ƙyar zai kai su girbi, ga 'ya'ya biyar masu ci kamar gara. Ya ƙara yuriya. Ya jira kwana biyar, ya sake ƙarawa. Ruwan gonar ya yi gansakuka kore shar, shinkafa ko gezau.

Yaya ta ce, "To, ga kore ya samu. Sai dai ya ɓata hanya."

Ita ce ta aika aka kira malamar gona. Malamar ta zo a kan babur, matashiya ce, da dogon takalmin roba. Ta duba gonar Yaya, sannan ta tsallaka kunya ta tuge shinkafa ɗaya a gonar Ainasani ta ɗaga masa.

"Baba, dubi nan. In tsofaffin ganyen ƙasa suka fara yin rawaya, abin da yuriya ke bayarwa ne ya yi ƙaranci. Taka kuwa sababbin ganyen sama ne. Wannan yunwar farar wuta ce."

"Ai na sani."

"Yuriya ba ta da ita ko ƙwaya. Mai jin ƙishirwa kake ta ɗura wa gari."

"Ai na..."

"Kuma duk shekarar da ka ƙone kara, farar wutar da ke cikinsa hayaƙi take bi ta tafi."

Daga nan kunnen Ainasani ya toshe. Malama ta ci gaba da bayani: akwai takin zamani da ake kira sulfa, mai farar wuta a ciki, a rage ruwa a watsa kwano kaza, baɗi kuma a bar kara ya ruɓe a ƙasa, a kawo takin shanu. Yaya na ji tana ƙirgawa da yatsu. Shi kuwa wata dabara ce ta faɗo masa. In ta hayaƙi abin ya fita, ai ta hayaƙi zai koma! Wanda ya fita ta ƙofa ba ta taga ake shigo da shi ba. Ban da haka ma, a ce shi, da girmansa, a gan shi a shagon taki yana sayen abin da sa'ar 'yarsa ta faɗa?

Ya ce, "Kin yi ƙoƙari, 'yata. Ni ma haka na fara."

Washegari ya dira kasuwa, wurin tsohon da ke sayar da saiwoyi da sassaƙe, wanda yake ajiye dunƙulen farar wuta saboda masu ƙaiƙayin jiki. Ainasani ya ce a juye masa duka.

Tsohon ya ja da baya. "Malam, gidan gaba ɗaya ne ya kamu da ƙazwa?"

"Gona ce."

"Gonar ce ke susa?"

Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Mutum uku ya miƙa wa hannu a hanya, duk ukun suka tuna cewa hannunsu da datti. Matarsa ta dawo daga rijiya ta dire tulu. "Maigida, me ka faɗa a kasuwa? Ina isa mata suka janye gugansu, har aka ce in ɗiba ni kaɗai don girmamawa."

"To ba ki gode min ba? Yau ba ki bi layi ba."

Da hantsi ya jera kasko takwas a kan kunya, ya cika su da garwashi, ya kira mai injin ya zama shaida. Ya zuba farar wuta. Ta narke ta kama da wani shuɗin harshe mai kyaun gani, hayaƙi ya fara rarrafe a kan ruwa. Ainasani ya ɗauki mafici yana kora shi cikin shinkafa.

"Shaƙi! Shaƙi abinki! Ga shi na dawo miki da shi!"

Iska ta saurara kamar mai jin bayani, sannan ta juyo.

Shaƙar farko ya ji kamar an cusa masa barkono da allura a hanci. Ta biyu ba ta samu wurin shiga ba. Ya yar da mafici ya ruga ido rufe, ƙafa ta kuskure kunya, ya tafi rub da ciki cikin taɓo. Matan da ke cire ciyawa a gonar Yaya suka watse suna tari suna salati. Jakin mai injin ya tsinke igiya, mai injin ya bi jakin, ba don kama shi ba, don ya ga jakin ya fi kowa sanin hanya.

Da hayaƙi ya lafa, duk ganyen da ke kusa da kasko ya babbake ya yi jawur.

Yaya ta share hawaye da bakin zane ta ce, "Madalla. Da rawaya ce kaɗai, yanzu ga ja. Saura shuɗi ka haɗa bakan gizo."

A ranar ita kuwa ta watsa sulfa a gonarta yadda malama ta ce. Kwana takwas, gonar ta rikiɗe ta yi kore har da baƙi-baƙi, shinkafa na ta fitar da 'ya'ya. Ainasani ya tsaya ya daɗe yana kallo. Can sai fuskarsa ta washe. Ya nufi rumfa da sauri.

"Jama'a, kun gani da idonku! Maganina ya yi aiki. Iska ce ta kwashe hayaƙina ta kai gonar Yaya. Koren nan nawa ne."

Mai injin ya ce, "Lallai an cuce ka. Sai a kamo iskar a kai ta gaban alƙali."

Yaya ta miƙa masa kwando. "Ungo. Shiga ka kwashe korenka." Da aka gama dariya ta sassauta murya. "Auta, sulfa ya rage min rabin buhu. Je ka ɗauka. Ba don kai ba, don yaran nan."

Zuciyarsa ta ce karɓi. Ya ɗaga ido ya ga ido goma sha biyu a kansa.

"Na wuce wannan matakin, Yaya."

A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ya lura abincin ya yi ƙasa, kwanon ya fi na jiya zurfi. Ta ce, "Maigida, girman kai dai ba ya dahuwa a tukunya."

"Ki ba ni mako ɗaya. Kuskurena ɗaya ne, na yi maganin da iska ke iya sata. Yanzu na ruwa zan yi. In ga ɓarawon da zai ɗauki ruwa a ka."

Ya tuna wata rana a bakin ƙofar ofis, wani direba ya toshe hanci ya ce warin baragurbi da farar wuta uwarsu ɗaya. Ilimi ba ya ɓata a kan mai shi. Ya tafi wurin mai kiwon kaji ya nemi duk ƙwan da ya lalace.

Mai kajin ya dube shi ya ga da gaske yake. "Malam, har gida zan kawo maka, in ƙara maka da addu'a."

Kwando uku aka kawo. Ainasani ya farfasa su cikin duro, ya daka ragowar farar wuta ya zuba, ya ƙara ruwa, ya rufe murfi ya ɗaure tam da robar tayar keke. Ya girke duron a tsakar gida inda rana ta fi duka, wai don ya nuna.

Kwana uku, kajin gidan suka koma maƙwabta. Rana ta huɗu maƙwabcinsa ya yi sallama da shebur a kafaɗa. "Malam, ko wata dabba ce ta faɗa muku masai? Mun zo taimako."

"Bincike nake yi."

"To Allah ya sa a gano gawar."

Rana ta biyar ungulu biyu suka sauka a kan katanga suka zauna cikin ladabi, kamar waɗanda aka ce su jira. Matarsa ta ɗaure kayan yara a zane ta tasa su gaba.

"Ina zuwa?"

"Gidan Yaya. Ba fushi na yi ba, numfashi zan je in yi."

Duron kuwa cikinsa ya fara kumbura, in aka kasa kunne ana jin yana gunaguni. Ainasani ya ɗaura tsumma a hanci ya shafa gefensa. Ƙarfi ke nan. Takin shago ya taɓa yin magana?

Rana ta bakwai malamar gona ta kawo babbanta, daga ofishin da Ainasani ya yi gadi, ya ga gonar Yaya, aka tara manoman fadama gaba ɗaya. Ainasani ya ga ranar da yake jira ta zo da ƙafarta. Ya ciro farar babbar rigarsa ta ajiya daga ƙasan akwati, ya mayar da biro uku aljihunta, ya ɗora duro a baro ya turo. Bai nemi hanya ba. Taron da kansa ya dare biyu, har da waɗanda ba a taɓa ganin sun kauce wa kowa ba.

Ya dire baro a gaban baƙon ya buɗe hannuwa. "Ranka ya daɗe! Tsohon abokin aiki!"

Baƙon ya toshe hanci da hankici ya ƙura masa ido. "Au! Mai gadinmu! Har yanzu kana barcin ranar nan?"

Aka kwashe da dariya. Ainasani ya juya ga jama'a. "Raha ce ta manya, ba za ku gane ba." Ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, abin da kuka daɗe kuna nema a ofis da fanka a kanku, ni na haɗa shi a tsakar gida. Farar wuta ta ruwa. Cokali ɗaya..."

Malama ta matso da sauri. "Baba, kada ka buɗe duron nan. Ka ga yadda ya kumbura? Kuma ko ka zuba, wannan ruɓar guba ce ga saiwar shinkafa."

"Ai na sani."

Ya zaro wuƙa, ya sunkuya daidai kan murfin don kowa ya ga gwaninta, ya yanke robar.

Ƙarar har a kasuwa an ji ta. Murfin ya tashi sama ya sauka a kan rumfa. Abin da ke ciki, wanda ya yi kwana bakwai yana tara fushi, ya fito a tsaye ya gaisa da Ainasani tun daga haɓa har hula. Baro ya kife. Duro ya bi kunya yana gangarawa yana amai hagu da dama, manoma na faɗawa ruwa kamar kwaɗi. Baƙon ya ruga mota, taɓo ya riƙe masa takalmi ɗaya bai ko waiwaya ba. Direbansa ya riga shi shiga ya kulle ƙofofi, yana girgiza masa kai ta gilashi, domin akwai ranar da ba oga ba yaro. Duron ya yi ta tafiya har ya gaji, ya karkata ya juye sauran cikinsa a gonar mai shi.

Ƙudaje suka fara isowa.

Ainasani na tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, ɓawon ƙwai a kan hula, wani abu ruwan toka na ɗiga daga gemunsa zuwa aljihun biro.

Daga kan bishiya mai injin ya ƙwala, "Malam, wannan buhu nawa ke nan a cikin arba'in ɗin?"

Yaya ta naɗe hanci da mayafi ta tsaya can nesa. "Auta, na wanke ka kana jariri ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Amma wannan ya fi ƙarfina."

Ya buɗe baki zai ba da amsa. Abin da ke gangarowa daga gashin baki ya samu ƙofa. Ya rufe. Waɗanda suka halarta sun ce tun da suka san shi ba su taɓa jin shirunsa ba sai ranar.

Kwana uku yana wanka a magudanar ruwa, da sabulu, da toka, da lemun tsami, ana miƙo masa abinci da doguwar sanda. A rana ta biyun ya hango matarsa da Yaya a cikin gonarsa, ba su tambayi kowa ba, suna watsa rabin buhun sulfa a inda duro bai kai ba. Ya ɗaga kai yana nazarin gajimare har suka gama. Maganin ya zo a makare, amma shinkafa ba ta da girman kai, ta karɓa. Abin da ya tsira ya ba da buhu bakwai.

Babbar rigar ce ta ƙi tuba. Sau huɗu matarsa na wanke ta, kowane wanki sai warin ya farka da sabon ƙarfi. Ta gaji ta wurga ta bayan katanga. Yaya ta zo wucewa ta tsaya ta yi tunani, sannan ta sa gora ta ɗauke ta. Lokacin shinkafa ta fara nuna, tsuntsaye na sauka garke-garke suna yi wa fadama ɓarna. Yaya ta gicciya sanduna biyu a tsakiyar gonarta ta sanya musu rigar. Garken farko ya taho, ya kai daidai kanta, ya yi wata irin kwana a sama kamar an kira shi gida. Har aka yi girbi ko ɗan tsuntsu ɗaya bai sauka a gonar ba.

Bayan an gama sussuka, jakin mai injin ya tsaya a ƙofar gidan Ainasani da buhu biyu, Yaya na biye. Ainasani ya fito ya ga maƙwabta na leƙe, ya gyara hula, ya miƙa hannu zai karɓi igiya.

"Kauce, ba naka ba ne," in ji Yaya. "Ladan rigar ne. Ita ta tsaya a gona rana da iska, kuma ba ta buɗe baki ba ko sau ɗaya. Bana dai rigarka ta fi ka noma."

Matarsa ta karɓi igiyar ta ja jakin ciki. Yaya ta juya za ta tafi, sai ta waiwayo ta dube shi daga ƙugu zuwa idon sawu.

"Baɗi in muna da rai zan faɗaɗa gonar. Ka tanadar min wandon."